Zaɓen Kaurin Waya Wajen Sabunta Wayoyin Akwatin Lasifika: Abin da Lissafi Ya Nuna

Tsakure

Wannan takarda ta dubi wata tambaya da masu gyaran kayan sauti ke yawan saɓani a kanta, wato kaurin wayar da ya dace a sa idan za a sabunta wayoyin cikin akwatin lasifika. An bi hanyar lissafi, ta amfani da dokar Ohm da ƙimar turjiyar jan ƙarfe da aka amince da ita tun 1913, sannan aka ɗora sakamakon a kan akwatuna iri uku: na jita, na bas, da na manyan taruka. An gano cewa a tsawon da bai wuce mita ɗaya ba, bambancin sauti tsakanin waya mai lamba 18 da mai lamba 12 bai kai abin da kunne zai kama ba. Abubuwan da ke yanke hukunci su ne zafi, girgiza, dacewar waya da bakin da za a ɗaura ta, da ingancin ƙarfen da ke cikin robar.

1.0 Gabatarwa

Akwatin lasifika yakan yi shekaru yana aiki ba wanda ya leƙa cikinsa. Ranar da aka buɗe shi kuwa, ko don koyil ya ƙone, ko don za a sauya lasifikokin, ko don ɓera ya yi ɓarna, nan take maganar waya ke tasowa. Wani zai ce a sa mafi kauri da aljihu zai iya ɗauka don bas ya fito da nauyi. Wani zai ce duk wadda ke kusa a sa, ai waya waya ce. Masu sayarwa su ma ba su sauƙaƙa lamarin ba, domin a kan kwalin waya akan ga alkawarin tsabtar sauti da zurfin amo wanda ba a haɗa shi da ko lamba ɗaya da za a iya aunawa ba.

Tambayar ba ta da wuyar amsawa. Georg Simon Ohm ya wallafa dokarsa a 1827, James Prescott Joule kuma ya bayyana yadda wuta ke zama zafi a cikin waya a farkon shekarun 1840. Da waɗannan biyun, da tsawon wayar, da yawan wutar da za ta bi ta cikinta, an gama lissafi. Abin da ya rage shi ne sanin sana'a, wanda a ganina ya fi lissafin tasiri a kan ko gyaran zai daɗe. Takardar ta taƙaita ne a kan akwatin da ba shi da amfilifaya a cikinsa, ko da yake za a taɓo wayar waje a gaba saboda ita ce ke nuna iyakar hujjar.

2.0 Ma'aunan kauri

Ma'auni biyu ne mai gyara zai ci karo da su. Na farko shi ne AWG, wanda kamfanin Brown & Sharpe na birnin Providence a Amurka ya tsara a 1857. A wannan ma'auni, gwargwadon girman lamba gwargwadon sirancin waya, domin lambar ta samo asali ne daga yawan jan da ake wa ƙarfe ta cikin rami kafin ya sirance. Lamba 36 tana da kaurin milimita 0.127, lamba 0000 kuma milimita 11.68, aka raba tsakaninsu mataki 39. Abin riƙewa a nan mai sauƙi ne: duk sauka da lamba uku faɗin ƙarfen yana ninkawa biyu, turjiya kuma tana raguwa da rabi. Sauka da lamba biyu yana ƙara faɗin da kusan kashi 59 cikin 100.

Na biyu shi ne ma'aunin milimita murabba'i na ƙa'idar IEC 60228, wanda shi masu wayarin gida a Najeriya da Nijar suka saba da shi: 0.75, 1.0, 1.5, 2.5, 4, 6. Wanda ya san 1.5 ta fitilu da 2.5 ta soket ya riga ya san ma'aunin. Lamba 18 ta AWG tana tsakanin 0.75 da 1.0, lamba 16 ta ɗan gaza 1.5, lamba 14 ta ɗan gaza 2.5, lamba 12 kuma ta ɗan gaza 4. Akwai kuma tsohon ma'aunin Ingila, SWG, na 1884, wanda masu naɗa koyil da taransifoma ke amfani da shi har yau. Lambobinsa ba ɗaya suke da na AWG ba: lamba 18 ta SWG ta fi lamba 18 ta AWG kauri, tana tsakanin lamba 16 da 17. Wanda ya rikita su zai yi kuskuren fiye da mataki ɗaya.

Turjiyar jan ƙarfe mai laushi a zafin digiri 20, bisa ƙimar da aka amince a 1913, ita ce om 0.01724 ga kowace mita ta waya mai faɗin milimita murabba'i ɗaya. Daga nan ne jadawalin da ke ƙasa ya fito. An ɗauki nisan mita ɗaya daga bakin akwati zuwa lasifika, wanda ya zarce abin da ake samu a mafi yawan akwatuna, aka lissafa mita biyu saboda wuta tana zuwa ta dawo.

| Lambar AWG | Faɗi (mm²) | Turjiya (om) | Hasara a om 8 (dB) | Hasara a om 4 (dB) |
|---|---|---|---|---|
| 22 | 0.33 | 0.106 | 0.11 | 0.23 |
| 18 | 0.82 | 0.042 | 0.05 | 0.09 |
| 16 | 1.31 | 0.026 | 0.03 | 0.06 |
| 14 | 2.08 | 0.017 | 0.02 | 0.04 |
| 12 | 3.31 | 0.010 | 0.01 | 0.02 |

3.0 Shin kauri yana sauya sauti?

A sauraro na yau da kullum, sai sauyin ƙara ya kai kusan desibel ɗaya kafin mutum ya lura. Tsakanin lamba 18 da lamba 12, a kan lasifika mai om 4, jadawalin ya ba da desibel 0.07. Ko lamba 22, wadda ba na ba da shawarar a sa ta, ba ta kai rubu'in desibel ba. Akwai ƙa'idar da aka daɗe ana bi a harkar, cewa turjiyar waya kada ta wuce kashi 5 cikin 100 na imfidans ɗin lasifika (om ɗin da aka rubuta mata), wanda ke daidai da hasarar desibel 0.42. Ga om 8 wannan na nufin om 0.4, ga om 4 kuma om 0.2. Duk wayoyin jadawalin sun tsallake wannan shingen da rata.

Dalilin yana bayan takardar lasifikar. Wutar da ta bi ta wayar da muke gardama a kanta, koyil take nufa, shi kuwa koyil siririyar waya ce da aka naɗe mita da yawa. Lasifikar da aka rubuta mata om 8 takan nuna wajen om 6 idan an ɗora mata multimita. In da lamba 30 aka naɗe koyil ɗin, mai kaurin rubu'in milimita, ana buƙatar kimanin mita 18 kafin a kai om 6. Sa lamba 12 a gaban wannan tamkar faɗaɗa ƙofar zaure ne alhali lungun da za a bi a shiga gidan mutum ɗaya yake ɗauka. Idan akwatin yana da kurosoba, wato allon da ke raba amon ƙasa da na sama, to akwai wani naɗin wayar a kan hanya, wanda turjiyarsa kan ninka ta wayar cikin akwatin sau da dama.

Sai maganar zafin koyil, wadda ba a cika kawo ta ba. Turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kashi 0.393 cikin 100 ga kowane digiri ɗaya. Koyil ɗin da ake tura wa wuta sosai yana iya kai digiri 200. Daga 20 zuwa 200, om 6 ya koma om 10 da ɗoriya. Ma'ana, tsakanin farkon taro da tsakiyarsa turjiyar lasifikar da kanta ta ƙaru da om 4, wanda ya ninka dukan turjiyar lamba 18 kusan sau ɗari. Mai kayan sautin da ya ji ƙara ta ragu bayan awa biyu, a nan ya kamata ya nemi dalili.

Hujja mafi ƙarfi da masu son kauri ke kawowa ita ce ta riƙon amfilifaya, wato ikonsa na taka wa takardar lasifika birki bayan ya motsa ta. Ana auna shi ta raba imfidans ɗin lasifika da turjiyar bakin amfilifaya haɗe da ta waya. A ɗauki amfilifaya mai ƙimar riƙo 400 a om 8, wato turjiyar bakinsa om 0.02. Da lamba 18 ƙimar ta sauka zuwa 129, da lamba 12 kuma 263. A takarda sai a ga kamar an ninka riƙon. Amma wutar birkin dole ta bi ta koyil, don haka turjiyar da'irar baki ɗaya ita ce 6.062 a ɗaya, 6.030 a ɗayan. Bambancin rabin kashi ɗaya ne cikin 100. Ma'aunan da Neville Thiele ya fara shimfiɗawa a Ostareliya a 1961, Richard Small ya faɗaɗa a farkon shekarun 1970, suna nuna abu ɗaya: ƙimar Qes, wadda ke auna wannan birkin, tana sauyawa ne gwargwadon yadda turjiyar da aka ƙara ta kwatanta da ta koyil, ga lamba 18 kashi 0.7 cikin 100. Lasifikoki biyu samfuri ɗaya daga masana'anta ɗaya sukan bambanta fiye da haka. A amfilifayan jita mai bawul kuwa, inda turjiyar baki kan kai om da dama, maganar ma ba ta taso ba.

Akwai kuma batun gudun wuta a fatar waya idan amo ya yi sama. Gaskiya ne, amma a 20 kHz zurfin fatar a jan ƙarfe milimita 0.46 ne, alhali daga tsakiyar lamba 16 zuwa gefenta milimita 0.65 ne. Ƙarin turjiyar bai wuce kashi 8 cikin 100 ba, na abin da dama om 0.026 ne. Ba ya buƙatar ƙarin bayani.

4.0 Zafi da rabon wuta

Tunda sauti bai raba gardama ba, sai a koma ga yawan wutar. Ana samun ampiya ta raba wat da om sannan a ɗauki saiwar murabba'in sakamakon. Wat 100 a om 16 ampiya 2.5 ne, a om 8 ampiya 3.5, a om 4 ampiya 5. Wat 1000 a om 8 ampiya 11.2 ne, a om 4 kuma 15.8. Zafin da ke tashi a waya yana bin ninkin ampiya a kanta, don haka idan wuta ta ninka biyu zafi ya ninka huɗu.

Wayoyin cikin akwati ba kaya ɗaya suke ɗauka ba, kuma a nan ne nake ganin ake yawan kuskure. A dubi akwatin Marshall samfurin 1960, mai lasifikokin Celestion huɗu masu inci 12, kowace om 16. Idan aka haɗa biyu-biyu a jere sannan aka haɗa layukan biyu gefe da gefe, jimla om 16 ce. Amfilifaya mai wat 100 zai tura ampiya 2.5 ta uwar wayar da ta fito daga jak, kowane reshe ya ɗauki 1.25. Lamba 18 ta ishi wannan har da saura. A dubi kuma akwatin Ampeg SVT na bas, wanda ya fito a 1969, mai lasifikoki takwas masu inci 10, kowace om 32, duk a haɗe gefe da gefe suka ba da om 4. A wat 300 uwar waya tana ɗauke da ampiya 8.7, kowace lasifika kuwa ampiya 1.1 kacal take sha. Idan an ja wayar daga lasifika zuwa lasifika kamar yadda aka saba, guntun farko yana ɗauke da wutar duka takwas, na ƙarshe ta ɗaya tak. Guntun farko shi ya cancanci kauri.

Misali na uku shi ne akwatin bas na manyan taruka mai lasifikoki biyu masu inci 18, kowace om 8, a haɗe gefe da gefe. A wat 2000 uwar waya tana ɗauke da ampiya 22.4. Da lamba 16, a tsawon jadawalinmu, zafin ya kai wat 13. Da lamba 14 wat 8.3, da lamba 12 wat 5.2. Lamba 18 za ta ba da wat 21, a cikin rufaffen akwati, wataƙila a lulluɓe da soso ko audugar da ke shanye amo, wadda kuma ke hana zafi fita. Robar PVC ta gama-gari an yi ta ne don digiri 70.

Wajibi ne a sassauta waɗannan lambobi, domin sun ɗauka cewa amo ɗaya ne ke tafiya ba tsayawa. Kiɗa da magana ba haka suke ba. Tsohuwar ƙa'idar gwajin lafiyar amfilifaya ta IEC 60065 ta ɗauki kashi ɗaya cikin takwas na cikakken ƙarfi a matsayin aiki na yau da kullum, wanda zai mai da wat 13 ƙasa da wat 2. Sai dai duk wanda ya halarci biki ko gangamin siyasa a ƙasar nan ya san mai kayan sautin da ke murɗa ƙara har jar fitilar amfilifaya ta tsaya cak ba ƙiftawa. A wannan hali matsakaicin ƙarfin ya yi nisa da ɗaya cikin takwas. A ƙara da ranar Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin iska kan haura digiri 40, akwatin kuma baƙi ne yana tsaye a fili. Don haka nake ganin ya fi aminci a yi lissafi da cikakken ƙarfin, a bar sassaucin kiɗa ya zama ajiya.

Ƙarfin turin wuta ba matsala ba ne. Wat 1000 a om 8 bolt 89 ne, ƙololuwarsa 126, duk wayar da aka yi wa ƙimar bolt 300 ta wadatar.

5.0 Baki, dalma da girgiza

Da wuya a ga wayar akwati ta mutu a tsakiya. A baki take mutuwa. Mahaɗar da ta saki ko ta yi tsatsa tana iya kai om 0.1, wanda ya yi daidai da turjiyar mita 7.6 ta lamba 16. A ampiya 11.2 wannan mahaɗa tana fitar da zafin wat 12.5 a wuri ɗaya da bai wuce ƙwayar wake ba. Zafin ya sassauta ƙarfen, sassaucin ya ƙara turjiya, turjiyar ta ƙara zafi, har robar ta narke.

A nan ne kauri ke juyewa ya zama illa. Kunnuwan lasifika da ake cusa wa soket ɗin waya ƙanana ne: milimita 2.8, 4.8, 5.2 ko 6.3. An kafa su ne a kan ɗan allo marar ƙarfi, a bayansu kuma an liƙa wayar nan mai saƙa da ke tafiya zuwa koyil. Lamba 12 tana da nauyi da tauri. Duk bugun bas tana rinjayar kunnen, duk ramin da motar ɗaukar kaya ta faɗa tana fizgarsa, har ranar da zai karye ko ƙusar da ke riƙe da shi ta yi lako-lako. Wajen liƙi ma haka ne. Dalma mai 63/37 tana narkewa a digiri 183, amma waya mai kauri tana zuƙe zafin ƙarfen liƙi, musamman ƙaramin nan mai wat 30 da ake samu a yawancin shaguna. Sai mai gyara ya daɗe yana danne da shi, zafin ya bi kunnen ya narkar da liƙin wayar saƙa ta baya, ko kuma ya ɗaga hannu da wuri dalmar ta daskare ba ta kama ba. A jak mai milimita 6.35 matsalar ta fi tsanani, domin ramin kunnensa ba ya ɗaukar lamba 12 sai an yanke wasu zaruruwan, waɗanda suka bauɗe kuma suna iya taɓa ɗaya kunnen.

Sakamakon ya dogara da irin amfilifayan. Mai taransista haɗewar wayoyi yake tsoro. Mai bawul kuwa tsinkewa yake tsoro, domin idan lasifika ta ɓace masa yana tsaka da aiki, taransifomar fitar da sauti tana haifar da turin wuta mai tsanani da ke iya huda rufin naɗinta ko ya lalata bawul. Ga mai Marshall ko Fender na bawul, soket ɗaya da ya zame a cikin akwati yana iya cin kuɗin da ya fi na lasifikar.

Soket ɗin matsewa suna da launi don wannan dalilin: ja na lamba 22 zuwa 16, shuɗi na 16 zuwa 14, rawaya na 12 zuwa 10. Da filayar da aka yi don aikin ake matse su, a ja wayar da hannu a tabbatar ba ta zare ba. Kada a shafa wa bakin waya dalma kafin a matse ko a ɗaure da sukuru, domin dalma tana da laushi, tana kwantawa a hankali ta bar mahaɗar a sake. Akwatin da ke shan wat 1000 zuwa sama ya cancanci Speakon, wanda kamfanin Neutrik ya fitar a 1987, mai kulle kansa, samfurinsa NL4 kuma an yi masa ƙimar ampiya 30.

Wayar gini mai ƙwaya ɗaya ba ta dace ba ko da kaurinta ya isa. Jan ƙarfe yana taurara idan ana lanƙwasa shi kai da kawowa, daga nan ya tsage. Mai zaruruwa ake so, wadda IEC 60228 ta sa a aji na 5. A bar mata ɗan rara yadda za a iya fito da lasifika a ajiye gaban akwati ba tare da an ja ta ba, amma a ɗaure rarar a jikin katako, nesa da takarda da ramin iska, don kada ta riƙa kaɗawa. Sau da yawa ƙarar da ake ɗauka ta fashewar lasifika ce, waya ce ke dukan bango. Ramin da waya ta bi a akwatin da ba shi da kafar iska, a toshe shi.

Kafin a rufe, a taɓa batir mai bolt 1.5 a bakin akwatin. Duk takardun su fito waje tare. Wadda ta shige ciki an juya mata waya, kuma za ta cinye bas ɗin 'yar'uwarta fiye da duk abin da siririyar waya za ta iya yi. A lura cewa tsofaffin lasifikokin JBL da dama an yi su ne da akasin alamar da aka saba, don haka motsin takarda ake bi, ba launin baki ba.

6.0 Abin da ke cikin robar

Duk lissafin da ya gabata ya ginu ne a kan cewa wayar jan ƙarfe ce kuma kaurin da aka rubuta shi ne a ciki. A kasuwa ba kullum haka take ba. Akwai wayar alminiyam da aka yi wa rigar jan ƙarfe, wadda ake rubuta wa CCA idan mai yin ta na da gaskiya. Jan ƙarfen kashi 10 ko 15 ne cikin 100 na jikinta, wutar da take ratsawa kuma ba ta kai kashi biyu cikin uku na ta jan ƙarfe tsantsa ba. Sai an sauka da lamba biyu kafin a daidaita: lamba 14 ta CCA ita ce lamba 16 ta jan ƙarfe. A cikin akwati wannan ƙarin turjiya ba shi ne abin damuwa ba. Damuwar ita ce alminiyam yana saurin karyewa da girgiza, yana kwantawa a ƙarƙashin matsi, kuma inda rigar ta kankare yana yin ɓawon da ba ya ratsa wuta, dalma ma ba ta kama shi. Duk illolin sashe na 5 ya tara su. Araha ba ta ado.

Gane ta ba ya buƙatar ɗakin gwaji. A kankare sili ɗaya da wuƙa, in ya yi fari alminiyam ne. A kara shi a wutar ashana: alminiyam yana narkewa a digiri 660, sai ya lanƙwashe ya zube, jan ƙarfe kuwa sai 1085, don haka ja kawai zai yi. Nauyi ma shaida ne, domin ƙarfen mita 100 na 1.5 mm² ya kai kilo 1.3 in jan ƙarfe ne, CCA kuwa wajen rabin kilo.

Ɗaya algus ɗin shi ne roba mai kauri da 'yan zaruruwa a ciki. Waya 1.5 mm² ta ƙwarai takan zo da zare 30 masu milimita 0.25, ta 2.5 da zare 50, ta 0.75 da zare 24 masu milimita 0.20. Ana iya ƙirgawa. Ƙaramar multimita ba za ta iya auna guntun mita ɗaya ba, domin wayoyinta kansu sun fi shi turjiya, amma za ta auna naɗi guda. Mita 100 na 1.5 mm² aji na 5 bai kamata ya wuce om 1.33 ba, na 2.5 kuma om 0.8, bayan an cire abin da na'urar ke nunawa idan an haɗa bakunanta. A ɗaya ɓangaren, biyan kuɗi mai yawa don jan ƙarfen da aka cire wa iskar oksijin ba ya sayo komai a nan, tunda bambancinsa da na gama-gari wajen kashi ɗaya ne cikin 100. Azurfa ma kashi 5 zuwa 6 kawai ta fi. Abin da ya fi amfani, musamman a wuraren da damina ke da laima, shi ne jan ƙarfen da aka shafa wa kuza, domin ba ya yin kore a baki.

7.0 Inda kauri ke da muhimmanci

Kada a ɗauki hujjar wannan takarda a fita da ita daga akwati. A nisan mita 30 tsakanin amfilifaya da akwati mai om 4, lamba 18 tana da turjiyar om 1.26. Hasarar desibel 2.4 ce, wato kashi 58 cikin 100 kawai na ƙarfin da ya kamata ke isa lasifika. Lamba 14 tana cin desibel ɗaya, lamba 12 desibel 0.65. Sai an kai lamba 10, ko 6 mm², kafin a cika ƙa'idar kashi 5. Abin takaici shi ne a ga akwatin da aka cika wa ciki da 4 mm² an jona shi da siririyar wayar fitila ta mita talatin. Wayar jita mai rufin saƙa ita ma ba ta wannan aikin ba ce, zarenta na tsakiya siriri ne, an yi shi don sigina marar ƙarfi.

Lasifikokin ƙaho na masallatai da makarantu, irin na TOA da Ahuja, suna da mafita ta daban idan an bi layin bolt 100. A wannan tsari ƙaho mai wat 30 yana bayyana ga layin a matsayin om 333, saboda taransifomar da ke jikinsa, don haka om ɗaya ko biyu na waya ba komai ba ne. Wanda ya jona ƙahon a bakin om 8 ya ja waya har saman hasumiya ya rasa wannan gata.

8.0 Matsayin wannan takarda

Ga uwar wayar da ba ta ɗaukar fiye da ampiya 5, wato wat 100 a om 4, wat 200 a om 8, ko wat 400 a om 16, lamba 18 ko 1.0 mm² ta isa, haka ma wayar tuwita, wato ƙaramar lasifikar amon sama, a kowane akwati. Daga nan zuwa ampiya 11, lamba 16 ko 1.5 mm². Zuwa ampiya 16, lamba 14 ko 2.5 mm². Lamba 12 ko 4 mm² ta uwar wayar manyan akwatunan bas ce masu shan fiye da wat 1000 a om 4, su ma da sharaɗin bakunan sukuru ne ko na matsewa da za su iya riƙe ta, rassan kuma a sauko da su zuwa 2.5. Wadda ta fi lamba 18 siranta ban yarda da ita ba, saboda saurin tsinkewa. Waɗannan iyakoki hukuncina ne bisa lissafin da ya gabata, an kuma bar musu rata da gangan saboda zafin ƙasarmu da yanayin hanyoyinmu.

Ina kira ga malaman kwalejojin fasaha da iyayen gida a shagunan gyara da su koya wa yaransu lissafin ampiya da gwajin jan ƙarfe tun kafin su miƙa musu ƙarfen liƙi. Mai gyaran da kuɗinsa na naɗi ɗaya ne, ya sayi 1.5 mm² mai zaruruwa ta jan ƙarfe tsantsa, ya auna ta kafin ya biya.